In ka tarar da dabbar da aka gudu aka bari

Duk wanda ya taɓa komawa ƙauyen da aka watse, ko a Zamfara ko can Borno da ake fama tun 2009, ya san abin da nake nufi. Mutane sun tsere da kayan jikinsu kawai, akuya na nan ɗaure a turke ta cinye duk abin da bakinta ya kai har igiyar ta fara tauna. Wallahi abin na tsaya min a rai.

Da farko dai kar ka shiga sai hanya ta yi lafiya, balle wajen Borno da ake binne bam, bi inda jami'an tsaro suka ce a bi. In ba halin tafiya da ita to ko igiyar ce ka kwance mata.

Ruwa kaɗan kaɗan za ka ba ta, ta sha ta huta ka ƙara. Sai abinci, nan ne mutane ke kuskure, mu ma mun yi, tausayi ya sa muka cika wa wata tunkiya kwano da dawa, kafin magariba cikinta ya kumbura kamar ganga tana nishi, ba ta kwana ba. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar hatsi lokaci guda. Busasshiyar ciyawa ko ɗan harawa tukuna, dusa sai bayan kwanaki, ita ma ɗan cikin hannu.

Ciwo kuma a wanke da ruwan gishiri, a duba ko ƙuda ya sa tsutsa. Kuma dan Allah kar ka haɗa ta da naka, ware ta kamar sati 3, in ka ga majina ko zawo ko tari nemi malamin dabbobi. Kare kuwa in yana dalalar da miyau kar ka matsa, in ya cije ka wanke wurin da sabulu minti 15 ka wuce asibiti a ranar.

Sannan fa dabbar nan tana da mai ita, ƙila yana sansanin gudun hijira ita ce kaɗai abin da ya rage masa. Ɗauki hotonta a waya, da shaidar kunne ko ta jiki, kai maganar gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu a yi cigiya, don yanzu a gan ka da saniyar da ba taka ba sai a ce kayan ɓarayin daji ka saya.