Yadda Ake Tayar da Tsohon Injin Dizal na Cikin Jirgin Ruwa Idan Ya Ƙi Tashi

Tsofaffin injinan da ake girkewa a cikin jirgi, irin su Perkins 4.108 na Ingila, ba sa amfani da fulogi, domin matsin iska a cikin silinda ne ke kunna man. Saboda haka idan irinsu ya ƙi tashi, galibi laifin batir ne ko na hanyar mai, kuma bai kamata a bar bakanike ya kwance kan inji ba kafin a bi waɗannan matakai.

A fara da sauraron sitata. Idan tana juya injin da kasala, a auna batir, wanda cikakkensa ke nuna kusan bolt 12.6, sannan a kankare kawunansa, domin danshin jirgi yana saurin cinye su.

Idan injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, sai a koma kan mai. A buɗe ƙasan filtar farko, wadda mai ke fara bi ta cikinta daga tanki, a tsiyaye kaɗan a cikin kwalba mai haske. Ruwa ya fi dizal nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi sarai. In an ga ruwa ko baƙin dauɗa, a canza filta.

Daga nan sai fitar da iskar da ta shiga hanyar mai, wanda shi ne aikin da ya fi buƙatar haƙuri. A sassauta notin da ke saman filtar inji, a riƙa danna ɗan hannun famfon da ke jawo mai daga tanki, har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, sannan a ɗaure. Idan hannun yana tafiya sakwa-sakwa ba ya turo komai, a ɗan juya injin da hannu a sake gwadawa. A maimaita hakan a jikin famfon injekta, wanda ke tura mai da ƙarfi zuwa silinda; samfurin kamfanin CAV da ke kan Perkins yana da notin iska guda biyu, ana fara da na ƙasa. A ƙarshe a sassauta notin bututun da ke shiga nozul, wato abin da ke fesa mai cikin silinda, a buɗe totur, a juya injin har mai ya fara tsartuwa, sannan a ɗaure. Kada a kai yatsa wurin, domin matsin man yana iya huda fata.

Akwai haɗarin da mutane da yawa ke mantawa da shi. Duk lokacin da sitata ke juyawa, famfon sanyaya inji yana tura ruwa cikin salansa, alhali babu hayaƙin da zai kore shi waje, kuma idan ya taru yana iya komawa cikin silinda ya lanƙwasa sandar fistan. Don haka a rufe bawul ɗin shigar ruwa yayin gwaji, a buɗe shi nan take da injin ya kama.

Da ya tashi, a leƙa bakin salansa a tabbatar ruwa yana fita tare da hayaƙi. In babu, a kashe shi, a duba matatar ruwa ko leda ko ciyawa ta toshe ta, sannan a buɗe famfon sanyaya inji a ciro robar mai fukafukai da ke cikinsa. Idan wani fiffike ya ɓalle, dole a bi tiyo a nemo guntun, domin yakan maƙale a bakin na'urar sanyaya ruwa ya sa sabuwar roba ta zama aikin banza.