Yadda ake zaɓen kujerar yara ta mota da yadda ake ɗaura ta daidai

Ranar da na daina riƙe yaro a cinya a cikin mota ba zan taɓa manta ta ba. Daga gidan suna muke dawowa da yamma, Abbansu na tuƙi ni ina baya da 'yata a cinya, lokacin watanta takwas, ko gudu ba ma yi tunda cikin gari ne, kawai sai ga wani mai adaidaita sahu ya faɗo mana titi ba ko sigina. Birki ɗaya ya taka. Wallahi ban san sanda ta fita daga hannuna ba, ƙarar goshinta kawai na ji a bayan kujerar gaba, alhali da hannu biyu na rungume ta. Allah ya taƙaita ƙulu ne kawai ya fito mata, amma daren nan ban runtsa ba, ina ta shafa kanta ina kara kunne in ji numfashinta.

Daga baya na gane ba sakacina ba ne, hannu ne ba zai iya ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa in ta daki abu ta tsaya cak, kamar mutum ya faɗo ne daga tsayin mita 10, wajen bene hawa uku kenan, toh wace uwa ce za ta iya riƙe yaro a haka? In ma ba ki sa bel ba ke da kanki za ki danne shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan titi duk shekara, kuma ta ce kujerar yara na iya rage mutuwar jarirai a hatsari da kashi 71 cikin 100. Amma fa sai in an ɗaura ta daidai, don na sha ganin motoci da kujerar a ciki tana lilo, yaro a zaune igiya a sake, wannan da babu duk kusan ɗaya.

Da farko ki auna yaronki kafin ki nufi kasuwa

Ba da shekaru ake sayen kujerar nan ba, da kilo da tsayi ake saye. Ki duba katin awonsa na asibiti ko ki ɗora shi a sikeli, ki auna tsayinsa da tef ɗin tela ki rubuta a waya. Kujerun kala uku ne. Akwai ta jarirai mai mariƙi kamar kwando, yawanci daga haihuwa zuwa kilo 13. Akwai babba mai igiya biyar da ake iya juya ta baya ko gaba, da yawansu suna kaiwa kilo 18, wasu fiye. Sai busta ta manyan yara daga kilo 15 zuwa 36, ita ba ta da igiyar kanta, ɗaga yaro take yi don bel ɗin mota ya zauna masa daidai. In kuɗin ba yawa ni shawarata ki sayi ta tsakiyar nan wadda aka rubuta tana ɗaukar jariri tun daga haihuwa, za ta kai ku wajen shekara huɗu ba ki sake saye ba.

Sai ki kifa ta ki nemi sitika

Kar kyan yadi ya ruɗe ki. Kujerar da aka yi don Turai tana da sitika ruwan lemo da harafin E a cikin da'ira, an rubuta R44/04 ko R129, ta biyun ita ce sabuwar doka da ta fara aiki a 2013, za ki ga ana rubuta mata i-Size. Ta Amurka kuma za ki ga rubutu a jikinta cewa ta cika ƙa'idar gwamnatinsu, lambar ƙa'idar FMVSS 213. In babu ko ɗaya ki ajiye musu kayansu. Musamman wani abu da ake tallarsa a intanet da arha, yadi ne da soso kamar filo ana ɗaure shi a kujerar mota da igiya, dan Allah kar ki saya, ba shi da ƙashin roba ko kaɗan, ba abin da zai tare.

Maganar gwanjo kuma, na san da yawanmu ita za mu iya, sabuwa ta yi tsada ba ƙarya. Matsalar ita ce ba ki san tarihinta ba, kujerar da aka taɓa yin hatsari da ita tana iya tsagewa ta ciki ido bai gani. Shi ya sa ta 'yar uwa ko ƙawa da kika san ba a taɓa buga mota da ita ba ta fi ta kasuwa. In dai ta kasuwar ce, ki cire rigarta gaba ɗaya a gaban mai kayan, ki duba robar ko akwai tsaga ko wani wuri da ya yi fari-fari alamar ya lanƙwasa, ki duba farin soson ciki bai karye ba, igiyoyin ba su zare ba ba a kuma yi musu ɗinki ba, ki sa makullin ki cire sau da yawa ki ji yana cewa ƙas. Sannan ranar da aka ƙera ta tana nan a jiki, yawancinsu shekara 6 zuwa 10 ne wa'adinsu, kuma kin san ranar ƙasarmu yadda take cin roba, ko bokitin da aka bari a tsakar gida shaida ne.

A ina za a sa ta, ina kuma za ta kalla?

Baya. Kullum baya. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ma abin da suke ta faɗa kenan, ƙananan yara ba sa zama gaba. Balan-balan ɗin nan da ke fashewa daga dashbod in an yi karo don babba aka yi shi, in ya daki bayan kujerar jariri kashe shi zai yi, wannan ba maganar wasa ba ce. Tsakiyar kujerar baya ya fi nisa da ƙofofi, amma in a nan ba ta kamu sosai ba ki maida ta gefe, gara gefen da ba ya kallon titi in kun faka.

Jariri kuma bayan mota zai kalla, ba gaba ba. Nan ne ake yawan musu da ni, wai ya za a juya wa yaro baya ba a ganin fuskarsa. Ki dubi jaririnki da kyau, kansa ya fi ƙarfin wuyansa, ƙashin wuyan bai gama ƙwari ba. In yana kallon gaba aka yi karo, igiya za ta riƙe jikin amma kan zai wulla gaba wuyan ya ɗauki duk nauyin, in kuwa baya yake kallo kujerar ce za ta tallafe kai da wuya da gadon baya lokaci ɗaya, kamar dai yadda kike tallabo kansa in za ki ɗaga shi. Dokar R129 ta ce aƙalla wata 15 yana kallon baya, a ƙasar Suwidin har wajen shekara huɗu suke barinsu a haka, likitocin yara na Amurka ma a 2018 cewa suka yi a bar yaro a haka har sai ya kai iyakar kilo ko tsayin da kujerar ta yarda. Kar naɗe ƙafarsa ya dame ki, yara sun saba zama a harɗe. Kansa za ki dinga dubawa, in saura ƙasa da santimita 2.5 ya kai saman kujerar, ko ya wuce kilon da aka rubuta, toh ta yi masa kaɗan.

Ɗaurawa, nan ne aikin yake

Ki samu lokacin da ba sauri kike ba, ki kira Abbansu ku yi tare don shi ma ya iya. Hanya biyu ce. Ki zura hannu a lungun da mazaunin kujerar baya ya haɗu da majingini, in kin ji wasu ƙarafa biyu ƙanana toh motarki na da ISOFIX, Amurkawa na ce masa LATCH, kuma kusan duk motocin da aka yi wa Amurka daga 2003 suna da shi, irin su Camry da Corolla da Sienna ɗin nan da suka cika titunanmu. Sai ki maƙala ƙugiyoyin kujerar a jiki ki ji sun kama.

In babu, bel ɗin mota ma ya isa, ba wanda ya fi wani in dai an ɗaure tamau, sai dai kar ki haɗa biyun sai in littafin kujerar ya ce a haɗa. Ki bi da bel ɗin ta hanyar da aka zana a sitikar gefe, a kujerun R44 shuɗi na mai kallon baya ne, ja na mai kallon gaba. Kar ya murɗe. In motar Amurka ce ki jawo bel ɗin a hankali har ƙarshe sannan ki sake shi, za ki ji yana ƙar-ƙar-ƙar yana komawa, ya kulle kenan. In ba ya yin haka ki duba jikin kujerar akwai ɗan maƙalin da ke danne bel. Sai ki danna kujerar da ƙarfinki, babba ma har gwiwa nake sa mata, ki ja bel ɗin har ya daina zuwa.

Yanzu ki kama ta daidai inda bel ya ratsa ki jijjiga hagu da dama. In ta matsa fiye da santimita 2.5 ba ta ɗauru ba, ki kwance ki sake, ni sai a karo na uku na samu tawa ta zauna ina gumi sharkaf. Ta jariri sabon haihuwa a ɗan kishingiɗe take zama, wajen digiri 45, akwai layi ko 'yar alama a gefe da ke nuna miki, don in ta miƙe da yawa kansa zai faɗo kan ƙirji numfashi ya toshe. Ranar da kika juya ta gaba kuma kar ki manta da igiyar saman nan mai ƙugiya, ana maƙala ta a ƙarfen da ke bayan kujerar mota, ita ke hana kan yaro yin nisa gaba, mutane da yawa barinta suke tana reto ba su san amfaninta ba.

Sa yaron a ciki

Duwawunsa ya kai can ƙarshe, bayansa ya manne. In baya yake kallo igiyar kafaɗa ta fito daidai kafaɗarsa ko ƙasa kaɗan, in gaba ne daidai kafaɗa ko sama kaɗan. Ki kulle ki ja igiyar tsakanin ƙafafunsa har ta kama, sai ki gwada mintsinar igiyar a kan kafaɗarsa da yatsu biyu, in ta mintsinu da saura, in yatsunki suka zame toh ta yi. In kujerarki mai maƙalin ƙirji ce ki ɗago shi daidai hammata, ba kan ciki ba. Na san tausayi ke sa mu sassauta, gani muke kamar an matse shi, amma igiyar da ta yi sako-sako ta ciki yaro ke fita.

Lokacin hunturu a kula. Mun saba mu jibga wa jariri rigar sanyi mai kauri mu naɗe shi a shawul, toh kaurin nan yaudara ce, in an yi karo lotsewa yake sai igiya ta zama a sake. Ki sa masa kaya marasa kauri da hula da safa, ki ɗaure shi tukunna, sannan ki lulluɓa bargon a sama. Da zafi kuma ki dinga yafa farin tawul a kan kujerar in kun faka, ki taɓa ƙarfen makullin da hannunki kafin ki sa shi don yana ƙona cinya. Kuma ko minti biyar kar a bar yaro a mota a rufe wai bari in shiga in fito, cikin minti 10 zafin ciki na iya ƙaruwa da wajen digiri 10, jikin yaro kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi.

Zai yi kuka, musamman in bai saba tun yana ƙarami ba. Tawa sati guda ta yi tana tsala ihu, Hajiya tana cewa ki ɗauko ta mana wannan ai azabtarwa ce, Allah ne ke tsarewa. Na ce haka ne Hajiya, amma ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali, na koma kusa da ita ina riƙe mata hannu ina mata wasa har ta saba. In tafiya mai nisa ce kamar Kano zuwa Kaduna ku tsaya duk bayan kamar awa biyu a fito da jariri ya miƙe, in nono yake so a faka a ba shi, kar ki ciro shi mota na tafiya, kar kuma ki sunkuya a kansa ki ba shi.

Babban yaro da ya wuce mai igiya biyar sai busta, mai majingini ta fi. Bel ɗin ƙasa ya kwanta a kan cinyoyinsa ba kan tumbi ba, na sama ya bi ta tsakiyar kafaɗa ba wuya ba, kuma ki sa ido don suna son maida shi ƙarƙashin hammata ko bayansu. A Ingila sai yaro ya kai santimita 135 ko shekara 12 yake barinta. Ki gwada shi ba busta, in ya jingina sosai gwiwarsa ta lanƙwasa a bakin kujera ƙafarsa ta taɓa ƙasa, bel bai hau wuyansa ba, toh ya isa. Yara biyu a bel ɗaya kuma a'a, kawunansu ne za su haɗu. In yaran sun fi bel ɗin motar yawa, kamar ranar Sallah da kowa ke son zuwa gidan kaka, a yi sawu biyu.

In ya yi amai ko fitsari a ciki, rigar kujerar za ki cire ki wanke, igiyoyin kuma goge su ake da tsumma da ɗan ruwan ɗumi, kar ki jiƙa su a omo ko bilic don yana rage musu ƙarfi. Ki ɗauki hotonta a waya ta gaba da ta baya kafin ki kwance komai, don wurin maidawa igiyoyin nan rikitarwa suke.