Masu ƙasa na asali: abin da ya kamata sabon zuwa Ostareliya ya sani

Da wuya sabon zuwa ya yi wata guda a Ostareliya bai halarci taron da aka buɗe da ambaton masu ƙasa na asali ba. A taron iyayen yara a makaranta ko a zaman ma'aikata, wani zai miƙe ya ce a ƙasar ƙabilar Wurundjeri ake zaune idan a Melbon ne, ko ta Gadigal idan a tsakiyar Sidni ne, sannan ya gai da dattawansu, na da da na yanzu. Wannan sallama ce ga masu gida, kuma Bahaushe ya san yadda ake kallon wanda ya kutsa gidan mutane ba sallama.

Lokacin da Turawan Ingila suka sauka a 1788, ba su ƙulla yarjejeniya da kowa ba. Sun ɗauki ƙasar tamkar ba ta da mai ita, alhali Aborijin, wato masu ƙasa na asali, sun haura shekara 50,000 a cikinta, da harsuna sama da 250. Sai a 1992, a shari'ar Mabo, babbar kotun ƙasar ta rushe wannan ikirari. Mu ma mun ɗanɗana mulkin mallaka, amma namu Turawan sun tattara sun koma gida a 1960. A nan zama suka zo yi, har masu ƙasa suka koma 'yan tsiraru.

Abin da ya fi ciwo shi ne yaran da hukuma ta riƙa raba su da iyayensu har zuwa shekarun 1970. Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa ranar 13 ga Fabrairu, 2008. Da yawa daga cikin yaran suna raye, kuma tsohuwar da ke kusa da kai a bas tana iya zama ɗaya daga cikinsu.

A 2017 wakilan masu ƙasa na asali suka taru a Uluru, dutsen da ke tsakiyar ƙasar, suka nemi abu uku: murya a gaban majalisa, wato kwamitinsu mai ba ta shawara, yarjejeniya, da faɗin gaskiyar tarihi. A ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2023, kusan kashi 60 cikin 100 suka ƙi amincewa da buƙata ta farko, don haka ka yi hattara da yadda kake tayar da zancen a wurin aiki. Jihohi kuwa kowace da inda ta dosa. Biktoriya ta kafa hukumar Yoorrook domin sauraron shaidu kan zaluncin da aka yi wa masu ƙasa, kuma a 2025 ta zama jiha ta farko da ta sa hannu a yarjejeniya, yayin da Kwinsland ta soke dokarta ta neman yarjejeniya a 2024.

A mu'amala, dattawansu Anti da Ankul ake ce musu, kamar yadda muke cewa Inna da Baba, amma ka bari a gabatar maka da su haka tukuna. Wasu al'ummominsu ba sa son a ambaci sunan mamaci ko a nuna hotonsa, shi ya sa talabijin ke yin gargaɗi kafin wasu shirye-shirye. Ranar 26 ga Janairu, da wasu ke bikin ƙasa, ranar makoki ce a wurin da yawansu. Idan abokin aiki ya yi musu ba'a, kada ka taya shi dariya don neman shiga, domin mu da muka san zafin wariya ba mu da uzuri. Makon sulhu tsakanin masu ƙasa da sauran jama'a yana kamawa daga 27 ga Mayu zuwa 3 ga Yuni, akwai kuma makon NAIDOC, na bikin tarihi da al'adun masu ƙasa, a watan Yuli. Ka kai yaranka su ji labarin daga bakin masu shi.