Shekara huɗu a Samaru, amma bai taɓa shiga Ƙofar Doka ba

Duk lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai sai an turo mini wani. Ɗan yayata, ɗan maƙwabci, ƙanin aboki: ga shi nan ya samu Jami'ar Ahmadu Bello, a ba shi shawara. Shawarar karatu kowa yana ba su. Ni tawa a kan garin Zariya ne, kuma na gaji da maimaita ta, domin abin da na faɗa wa na bara shi na bana yake zuwa ya taka.

Babban kuskuren shi ne ɗalibi ya ɗauka Samaru, inda jami'ar take, ita ce Zariya. Daga ɗakin kwana sai aji, daga aji sai Laburaren Kashim Ibrahim, daga nan sai teburin mai shayi. In ya yi nisa ƙwarai, Sabon Gari ya je sayen takalmi. Jami'ar nan a 1962 aka kafa ta, birnin kuwa ya girme ta da ɗaruruwan shekaru, yana can cikin ganuwarsa yana harkarsa, bai damu da ko ka zo ko ba ka zo ba. Ni ma haka na yi har aji uku, kuma na ɗanɗana kuɗata. An ba mu aikin rubutu a kan Masallacin Juma'a na Zariya. Na hau mota, na sauka kusa da fada, na ga wani ƙaton gini na siminti, na ɗauki hoto daga tsallaken hanya, na koma na cika shafi shida da surutu. Da malamin ya duba, tambaya ɗaya ya yi mini: ina bakan gizo, wato bakunan ƙasa da ke ɗauke da rufin? Na yi zuru. Ashe masallacin da ake magana yana ciki. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, kuma a shekarun 1970 aka lulluɓe abin da ya rage na tsohon ginin da sabo. Makin da na samu a wannan aiki ba na faɗa ba ne.

Da na koma na shiga, sai kunya ta ƙara kama ni. Ginshiƙai masu kaurin da mutum biyu ba za su rungume ba, bakuna suna tasowa daga jikinsu suna lanƙwasawa su haɗu a sama, azarar giginya a jere a tsakani, ga zane a jikin ƙasar, ga sanyi kamar an shiga randa. Abin da nake gaya wa yara yanzu: kada ku je kallo ranar Juma'a, ranar ibada ce, ba mai lokacinku. Ku je da hantsi a tsakiyar mako, ku yi shiga ta mutunci, ku gai da dattawan da ke zaune a bakin ƙofa, ku faɗi abin da ya kawo ku. Wanda ba Musulmi ba ya nemi izini tukuna. Ni ban taɓa zuwa ba ɗan abin goro a aljihu ba, kuma dattijon da ka gaisar da kyau zai nuna maka abin da ba ya cikin takardar aji.

Akwai kuma masu wucewa ta gaban sashen zane-zane kullum, ba su taɓa tsayawa a lambun sassaƙe-sassaƙen da ke wurin ba, sai ranar bikin yaye su, su jingina da aikin wani su yi hoto. Nan fa, tun wurin yana kwaleji, a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane, suka ce ba za su ci gaba da kwafar Turawa ido rufe ba, za su gauraya abin da suka koyo da na gida. Ƙarshen shekara 'yan ajin ƙarshe sukan baje ayyukansu. Ku shiga. Haka Drama Village, gidan wasan da aka gina da ƙasa a kan fasalin gidan Bahaushe a shekarun 1970: wasan daren can ya fi zaman latsa waya a kan gado, sai dai in lokacin hunturu ne a tafi da rigar sanyi.

Kuskure na biyu da ya ƙona ni shi ne ɗaukar makaɗi kamar rediyo. Wani abokina ɗan birni ya gayyace ni bikin yayarsa. Masu kalangu suna aiki, ni kuma na kutsa gaba da 'yar rikodata, na miƙa ta har kusa da bakin mawaƙin, ina jin kaina mai bincike. Ban yi sallama ba, ban nemi izini ba. Sanƙira ya matso ya tambayi sunana da garinmu, na faɗa masa da fara'a. Nan take aka saka ni a waƙa, aka wasa ni, aka wasa garinmu, kaina ya kumbura. Sai aka ɗan dakata ana kallona. Ban gane ba. Kiɗan ya juya, sai na ji ana zancen wani ɗan boko mai dogon wuya wanda tela ya manta bai yi wa wandonsa aljihu ba. Mata suka kwashe da shewa. Kuɗin motata kaɗai gare ni, na zaro na liƙa, na taka a ƙasa har Tudun Wada kafin na sami wanda ya san ni.

To ku saurara, ku masu ɗaga waya sama da zarar kun ji ganga. Wannan mutumin sana'arsa yake yi, da ita yake ciyar da gidansa, galibi gadonta ya yi. Jami'ar da kuke taƙama da ita ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ku kuma kuna ganin na gabanku bai kai ku tambaye shi kafin ku naɗi muryarsa ku watsa ba. In ba ka da abin bayarwa, tsaya baya ka sha kiɗa, ba wanda zai taɓa ka. In ka faɗi sunanka, ka riga ka ci bashi. Ni yanzu canji nake warewa a aljihu daban kafin in fita, kuma sanƙira nake fara gani kafin mawaƙi. Kiɗan fada kuwa wani abu ne daban: tambari da kakaki na sarki ne, ba a yi wa kowa, kada ka je kana tambayar nawa za ka ba da a busa maka.

Sauran ƙanana ne. Gudu gida duk Sallah har a gama karatu ba a ga hawan Zazzau ko sau ɗaya ba: ka sadaukar da Sallah guda, ka tafi da wuri, kuma kada ka tsaya a gaban dawaki lokacin jafi don neman hoto. Hawan Dutsen Kufena da tsakar rana da silifas: da sassafe ake yi, cikin ayari, da ruwa, bayan an tambayi mutanen wurin yadda hanya take. Zuwa Kufena a dawo ba a leƙa Wusasa ba, inda cocin Saint Bartholomew na 1929 yake, ginin ƙasa irin na Hausa, garin da Yakubu Gowon ya tashi. Wucewa ta Tukur-Tukur ba a san nan ne Kamfanin Gaskiya ba, tsohon gidan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939. Taya rigar aikin hannu kamar ana taya gwanjo, alhali mai ɗinkin ya yi watanni a zaure yana soka allura a aska takwas ɗin da ke ƙirjinta.

Ɗan yayata na bara ya rantse mini zai shiga birni kafin jarrabawar zangon farko. Da ya zo hutu na tambaye shi ta wace ƙofa ya shiga, Doka ko Kuyambana. Ya ce ai layin ɗiban ruwa a ɗakin kwanansu ne bai bar shi ba.