Fatar naman daji don ado: inda ake ɓata ta tun wurin fiɗa

Wani maharbi ya kawo mini kan gada a buhu, wai a cusa shi a rataya a zaure. Na buɗe, fatar ta tsaya a gindin wuya. Na ce, "Baba, ai wuƙa ta riga ta gama magana."

Siffar da kake so, tun kafin fiɗa ake zaɓenta. Akwai kai da kafaɗa na jikin bango, akwai dabba sukutum a tsaye, akwai ƙwaryar kai da ƙaho zalla, akwai buzu na shimfiɗa. In kai da kafaɗa ne, zagaya wuƙa ta bayan ƙafafun gaba, ka tsaga ta ƙeya. Wurin yanka a maƙogwaro yana ɗinkuwa in aska ɗaya aka yi masa.

Sai rana. A Damagaram, watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, mutum ya shanya fata bisa katanga yana murna ta bushe da wuri. Kitsen ya narke cikinta, ta ƙandare kamar ƙirgi, daga baya ta tsage. Kankare nama da kitse, juya kunnuwa da leɓe, don nan ruɓa ke farawa, ka cuɗa gishiri mai laushi ko'ina. Washegari kakkaɓe, sa sabo, a inuwa. In ka ja gashi ya biyo hannunka, ka makara.

Wurin majema kuma buɗe baki ka ce da gashinta kake so. Su sun saba tsoma fata a ruwan toka gashi ya fita kafin bagaruwa. In ka yi shiru, tas za a miƙo maka ita.

Ƙwaryar kai ba ta son tafasa mai ƙarfi, haƙora zubewa suke. Wuta kaɗan. Zare kuben ƙahon ka wanke cikinsa, in ba haka ba wari zai kori baƙi. In kana so ƙashin ya yi fari, ruwan jabel na wankin tufafi cin ƙashi yake. Ruwan wankin rauni mai kumfa na farmasi ya fi.

Wurin cusawa kuma, tsumma da ciyawa ba su riƙe siffa, a sassaƙa jikin da itace marar nauyi.

Duk wannan da takardar farauta ne. Dokar farauta ta Nijar mai lamba 98-07 ta 1998 tana nan, kuma ƙahon dabbar da aka hana taɓawa, irin na gandun Termit da aka kafa a 2012, ko tsinta ka yi, jami'an gandun daji za su tambaye ka.