Yadda ake kwatanta girma da nauyin zoben daiman kafin a biya kuɗi

Zobba biyu ne a kan gilashin kanti, mai kaya ya ce kowanne karat ɗaya ne, amma idonka na ganin ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. Ba lallai ba ne ƙarya ya yi. Karat awon nauyi ne, ido kuwa faɗin fuskar dutse kawai yake kamawa. Ga yadda za ka bi lamarin daki-daki.

Da farko raba karat biyu da ke rikita mutane. Karat na lu'u-lu'u, wato daiman, nauyi ne: miligiram 200, karat biyar kenan a giram ɗaya. Tun 1907 aka tsayar da wannan awon, kuma ana raba karat ɗaya gida 100, shi ya sa za ka ga an rubuta 0.50 ko 0.90. Karat na gwal kuwa tsarkin zinaren yake nufi. Leƙa cikin zoben, za ka ga tambari: 916 shi ne karat 22, 875 karat 21, 750 karat 18. Masu haɗa lefe da ke sayen gwal a Dubai ko Saudiyya sun saba da 21 da 22, to kada ka raina zoben daiman don ka ga 750. Gwal mai karat 18 ya fi tauri, ya fi riƙe dutse.

Mataki na biyu, kuma shi ne babba, ka nemi awon dutsen da milimita. Daiman mai zagaye da aka yanka da kyau, in karat ɗaya ne, faɗinsa kusan milimita 6.5 ne. Rabin karat yana kai wajen 5.1, karat biyu wajen 8.1. Duba da kyau: nauyi ya ninka, faɗi kuwa kashi ɗaya cikin huɗu kawai ya ƙaru, domin sauran nauyin ya tafi ƙasa, cikin zurfin dutsen, inda gwal ya rufe shi. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki, su biya kuɗin karat biyu suna jiran su ga dutse ya ninka a yatsa. Idan aka ce maka karat ɗaya ne amma awo ya nuna milimita 6.0 ko 6.1, an yi masa yanka mai zurfi, kuɗinka na kwance a gindin dutse ba mai ganinsa. Wanda ya wuce 6.7 kuma ya cika faifayewa, haske na zurarewa ta ƙasa, ƙyallinsa ya ragu. A mai zagaye, zurfin da ya kai kashi 59 zuwa 62 cikin ɗari na faɗin shi ake so.

Sai siffa. A karat ɗaya, mai siffar ƙwai yana kai wajen milimita 7.7 a tsawo da 5.7 a faɗi. Mai tsini biyu kamar kwale-kwale yakan kai 10 da 5, shi ya fi kowa cika ido, yana kuma sa yatsa ya yi kamar ya ƙara tsawo, sai dai tsininsa na saurin ɓantarewa in ba a rufe shi da gwal ba. Mai kusurwa huɗu daidai wa daida kusan 5.5 ne kowane gefe, shi ne yake ɓoye nauyi a ƙasa. Ni dai a ganina, mai neman girma da kuɗi kaɗan ya duba mai siffar ƙwai.

Daga nan ka dubi ƙirar zoben kansa. Akwai mai dutse ɗaya tilo, akwai mai uku a jere, akwai wanda aka kewaye babban dutsen da ƙanana har ya zama kamar faifai guda. Wannan na ƙarshe yana sa rabin karat ya yi kama da karat ɗaya daga nesa. Tambayar da za ka yi a nan ita ce: nauyin da aka faɗa na dutsen tsakiya ne, ko jimillar duka duwatsun? Ƙananan duwatsu ashirin da suka haɗu suka yi karat ɗaya ba su kusa da farashin dutse ɗaya mai karat ɗaya ba. A sa a rubuta maka su daban a rasit.

Nauyin da kake ji a tafin hannu na ƙarfen ne, tunda dutse mai karat ɗaya giram 0.2 ne kacal. Zoben filatinam, wani farin ƙarfe mai daraja, ya fi na gwal mai karat 18 nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku ko da ƙirarsu ɗaya. A ɗora zoben a sikeli, a cire nauyin duwatsu, ka san giram nawa ne gwal ɗin zalla, domin ranar da za a sayar da shi mai sayen gwal haka zai yi lissafi.

In dutsen na da takardar shaida daga GIA, cibiyar tantance duwatsu masu daraja ta Amurka, nauyi da milimita da zurfi duk suna ciki, kuma sau da yawa akwai lambar takardar a zane a gefen dutsen, ana ganinta da madubin ƙara girma. In dutsen bai hau zobe ba tukuna, sikeli ma na tona asiri: dutsen kwaikwayo na zirkoniya ya fi daiman nauyi sosai, mai faɗin milimita 6.5 zai haura karat ɗaya da rabi.

Kafin ka fita kasuwa, ɗauki rula da farar takarda, ka yanko da'irori masu faɗin milimita 5, 6.5 da 8, a ɗora su a yatsan mai zoben. Ga siririn yatsa, dutse mai karat 0.90 ya wadatar, faɗinsa wajen milimita 6.2 ne, ido ba ya bambanta shi da karat ɗaya, farashi kuwa yana tsalle ne daidai kan 1.00.