Yadda mai sayar da motoci zai ɗauki mataimaki daga nesa ya riƙe masa saƙonni da lissafi

Duk wanda ya taɓa zama a filin sayar da motoci ranar Asabar ya san yadda abin yake. Alhaji yana tsaye an buɗe bonet ɗin Camry Muscle, mai saye ya zo da bakanikensa suna sauraren ƙarar inji, waya kuwa tana ta ƙugi a aljihu. Sai bayan isha'i zai zauna ya duba, ya tarar wanda ya tambayi kuɗin Vibe tun azahar ya riga ya biya kafin alƙalami a wani filin. Motar tana nan, farashinta ma ya fi sauƙi, amsa ce kawai ba ta zo da wuri ba.

Wannan giɓin ne mataimaki daga nesa yake cikewa. Mutum ne da ke aiki daga gidansa da waya da kwamfuta, ko yana Zariya kai kana Kano, ko ma a wata ƙasa. Dillalan Amurka da yawa suna ɗaukar irinsu daga Filifins. Kai kuwa da masu sayenka ke turo saƙon murya da Hausa, nemi wanda ke jin Hausa sosai kuma yake iya rubuta Turanci mai tsabta.

Fara da raba aiki tun kafin ka nemi mutum

Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. Ɓangare ɗaya na abin da za a iya yi ba tare da an taɓa mota ba: amsa saƙon WhatsApp da Facebook da Instagram, ɗora hotuna a Jiji (shafin saye da sayarwa na intanet), cire tallar motar da aka sayar, tsara lokacin da mai saye zai zo gani, da bibiyar wanda ya ce "zan yi shawara". Ɗaya ɓangaren naka ne kai kaɗai: sallama ciniki, karɓar kuɗi, da faɗin lafiyar mota. Wanda bai taɓa jin yadda giyar motar ke shiga ba bai isa ya rantse wa kowa cewa lafiyarta ƙalau ba, ko da kuwa shi mai gaskiya ne.

Gina rajistar motoci

A nan nake so ka daɗe, domin mataimakinka ba ya ganin fili, abin da ka rubuta masa shi ne idonsa. Buɗe Google Sheets, kowace mota ta samu layi guda: samfuri, shekara, kala, tafiyar da ta yi, 'yar waje ce ko an hau ta a gida, takardun kwastam cikakku ne ko a'a, farashin da za a faɗa, da ranar da ta shigo fili. Sai gurbin aibu. Idan an yi mata fenti a ƙofar baya, rubuta. Idan an sauya gilashin gaba, rubuta. Idan na'urar sanyi tana buƙatar gas, rubuta. Dillalai da dama suna jin nauyin cike wannan gurbin, ni kuwa a ganina shi ya fi kowane amfani. Mutumin da ya taso daga Katsina saboda an ce masa fenti na asali ne, ya zo bakanikensa ya shafa hannu ya gano an taɓa, ba zai sake yarda da lambarka ba, kuma zai gaya wa abokansa.

Kada ka manta da lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, kuma babu I da O da Q a cikinsu, don haka in mataimaki ya ga ɗaya daga cikin ukun nan a rajista, kuskuren kwafa ne. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka, gurbi na goma a lambar shi ke nuna shekara: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A kuma 2010, B 2011. Koya masa wannan tun ranar farko. Motar da aka sauya wa fitilu da bamba don ta yi kama da sabon yayi, lambar shasi ce ke tona ta, kuma gara ku gano da kanku kafin mai saye ya gano. Da lambar ce kuma zai iya ciro tarihin motar a Carfax, shafin da ke tara tarihin motocin Amurka, ya ga ko ta taɓa yin hatsari ko ruwa ya ci ta.

Farashin ƙarshe, wato wanda a ƙasa da shi za ka ce albarka, bar shi a ranka. Ba ya shiga rajista.

Ba shi ƙofar shiga, ka riƙe makulli

WhatsApp Business yana ba ka damar haɗa wasu na'urori har huɗu da lamba ɗaya. Haɗa kwamfutarsa, layin ya zauna a wayarka, ka kuma saka lambar sirri ta tabbatarwa mataki biyu wadda kai kaɗai ka sani. A Facebook da Instagram, ƙara shi ta Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan kasuwanci, da iznin amsa saƙo da ɗora hoto kawai. Ba ya buƙatar kalmar sirrinka, balle manhajar bankinka.

Rubuta masa bakinka

Tambayoyin masu saye ba su da yawa, maimaituwa suke yi. Nawa ne gaskiyarta? Akwai duti? Za a karɓi tawa a yi ciko? Ana biya kashi-kashi? Zauna da shi awa ɗaya ku rubuta amsar kowace da irin lafazinka, ku adana su a amsoshin gaggawa na WhatsApp Business. Ka nuna masa inda zai ce "ranka ya daɗe", inda zai ce "Hajiya", da cewa ba a afka wa dattijo da farashi kafin gaisuwa. In an taya mota, amsarsa ɗaya ce: "Bari in kai wa Alhaji tayinka, zan dawo maka kafin la'asar." Sai ya dawo ɗin, ko da amsar albarka ce.

Doka guda kuma ba ta da sassauci. Lambar asusun da za a tura kuɗi ɗaya ce, mai sunan kasuwancinka, kuma ba ya ce wa kowa kuɗi sun shigo sai kai ka gani a asusun da idonka. Hoton rasit da alat na bogi sun yi yawa yanzu, kuma masu yin su sun fi son wanda ke nesa da maigida.

Haɗa shi da mutum ɗaya a fili

Ware yaro ɗaya cikin yaranka wanda zai riƙa ɗaukar hoto da bidiyo idan an nema. Mai saye ya ce yana so ya ga ƙarƙashin mota ko ya ji tashin inji da safe, mataimaki ya tura wa yaron, cikin minti goma bidiyo ya iso. In babu wannan yaron, mataimakinka zai yini yana ba mutane haƙuri.

Idan kana sayo motoci daga gwanjon Copart ko IAA, kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, nan ma yana da amfani. Agogon gabashin Amurka yana bayan namu da awa biyar ko shida, gwargwadon lokacin shekara, saboda haka gwanjon safiyarsu yakan faɗo mana da yamma. Shi zai tace motocin tun da rana, ya tara hotuna da lambobin shasi, kai kuma ka zaɓa ka saka kuɗi. Bayan an loda, ya riƙa bin jirgi har ya iso tashar jiragen ruwa ta Tin Can a Legas.

Gwaji da biya

Gwada shi mako biyu, kana karanta duk hirar da ya yi kowane dare. Ka sa wani ɗan'uwanka ya turo saƙo kamar mai saye, ya matsa masa da tambayar da babu amsarta a rajista. Wanda ya ce "bari in tambaya" shi ne naka. Wanda ya ƙirƙiro amsa don ciniki ya faɗa, sallame shi tun da wuri.

Wajen biya, ban goyi bayan la'ada zalla ba. Mutumin da cinsa ya rataya a kan sai an sayar, wata rana zai ɓoye aibu. Yanka masa albashi tsayayye, ka ɗauki nauyin data, ka tabbatar yana da hanyar caji idan an ɗauke wuta, sannan ka ɗora ɗan ihsani a kan kowace motar da ta fita ta hannunsa. Kowace yamma ya turo maka taƙaitaccen bayani: mutum nawa suka tambaya, wa zai zo gobe da ƙarfe nawa, wace mota ce ta yi wata guda ba a taya ba.

Lambobin waya da katin shaidar masu saye amana ne, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Ku rubuta a yarjejeniya cewa ba zai kwashe su ko ya ba wani dillali ba. Ranar da kuka rabu, tun kafin ya ajiye waya, cire kwamfutarsa daga WhatsApp, soke izninsa a Meta, ka rufe masa rajistar.